Damina a Madarunfa: hayar mota da gyaran babur ba tare da an ci uwar kuɗi ba

Da zarar Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, hanyoyin ƙauyukan Gabi da Safo sai su koma laka. Mai zogale ko kifin tafkin Madarunfa kuwa ba ta da halin jira, domin kaya in ya kwana ya lalace.

Kat-kat ce ke ratsa irin wannan hanya, amma hayarta ta fi ƙarfin mace ɗaya, balle tun 2023 da Najeriya ta janye tallafin mai. A ganinmu, gara mata huɗu ko biyar su haɗa kuɗi. Ku gama ciniki kafin a yi lodi, ku kuma tambayi direba: in mota ta kafe, wa zai biya masu turi? Nan ake yawan rigima.

Masu babur, bakaniken garinku ya isa canza mai da gyaran sarƙa, ba sai Maraɗi ba. Kayan gyara da dama ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa, har da jabu. Ku sayo da kanku, a kuma ba ku tsohon da aka cire. Babur ɗin da ya nutse a gulbi, kada a tayar da shi sai an juye man injin.