Deep Forest: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Mu 'yan kasuwa mun san ƙa'ida ɗaya tun daga Garwa har Mubi: ba a ɗaukar kayan mutum a sayar ba da saninsa ba. To amma idan kayan murya ce fa? Wannan tambaya ita ce ta bi ƙungiyar kiɗan rawa ta Deep Forest tun farkon fitowarta.

Turawan Faransa biyu ne, Eric Mouquet da Michel Sanchez, suka fitar da faifansu na farko a 1992. Sana'arsu ita ce su samo tsofaffin waƙoƙin gargajiya da masu bincike suka naɗa a ƙauyuka, su yanko guntun murya da na'ura, su ɗora shi a kan kiɗan kwamfuta. Cikin muryoyin da suka ara har da na mazauna dazukan tsakiyar Afirka, irin su Baka na kudu maso gabashin Kamaru. Kasuwa ta buɗe musu, har faifansu na biyu, Boheme, ya ci kyautar Grammy a Amurka a 1996.

Sai dai waƙar da ta fito da su, Sweet Lullaby, ta jawo ce-ce-ku-ce. Muryar da ke ciki ta wata mata ce mai suna Afunakwa daga tsibiran Solomon, wadda masani Hugo Zemp ya naɗa tana rera waƙar reno. Zemp ya fito fili ya ce bai ba da izinin a yi hakan da ita ba.

Inda aka yi da mai murya yana nan, labarin ya sha bamban. Sanchez ya haɗa hannu da mawaƙin Kamaru Wes Madiko, waƙarsu Alane ta mamaye Turai a 1997, da sunan Wes a jikin faifan. Haka marigayi Manu Dibango, da yake ya san haƙƙinsa, ya ƙalubalanci Michael Jackson kan amshin Soul Makossa ta 1972, sai da aka sasanta da shi. Daga baya Sanchez ya bar Deep Forest, Mouquet ya ci gaba da sunan, Wes kuma ya rasu a 2021.

Ina ruwanmu a nan Arewa? Muna da masu kalangu, masu algaita da masu goge da ake naɗa a bukukuwa, muna kuma tura waƙoƙinsu a waya a rumfunanmu. Dokar Kamaru ta Disamba 2000 ta ce waƙoƙin gargajiya dukiyar ƙasa ne, mai son cin riba da su sai ya nemi izinin hukumar al'adu. Saboda haka idan baƙo ya zo da na'ura wurin makaɗinmu, mu ba shi shawarar da muke ba juna a kasuwa: a faɗi farashi, a rubuta suna, a sa hannu gaban shaidu, kafin ya buɗe baki.