Singafo Na Fafutukar Riƙe Manyan Ɗalibai A Ajin Tamil

A tsibirin Singafo, wanda ke kudu da Malesiya, harsunan Gwamnati huɗu ne, watau Ingilishi da Malay da Sinanci da Tamil. Tamil shi ne harshen akasarin Indiyawan ƙasar, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro daga kudancin Indiya zamanin mulkin Ingila, Indiyawan nan kuwa kashi 9 ne kacal cikin ɗari na jama'a. Tun 1966 Gwamnati ta wajabta wa kowane ɗan makaranta koyon harsuna biyu, Ingilishi da harshen iyayensa.

Yaron firamare ba ya ba malamin Tamil wahala, da waƙa da tatsuniya ake tafiya da shi har ya haddace baƙaƙe da wasulan harshen, waɗanda in an haɗa su sun kai 247. Da ya shiga sakandare sai al'amari ya sake. Lissafi da kimiyya duk da Ingilishi yake yinsu, haka hira da abokansa 'yan Sin da Malay, har ma gida ba a tsira ba. Ƙidayar jama'a ta 2010 ta nuna kusan kashi 37 cikin ɗari na Indiyawan Singafo ne suka fi yin Tamil a gida, amma a ta 2020 sun koma wajen kashi 27, masu Ingilishi kuwa suka tashi daga kashi 42 zuwa 59.

Babban abin da ke korar samari da 'yan mata yana cikin harshen kansa. Tamil iri biyu ne: akwai na littafi, mai tsauraran ƙa'idoji da adabin da ya kai shekara dubu biyu, akwai kuma na baka wanda ake yi a kasuwa da gida da fina-finai, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ƙarama ba ce. Shekara da shekaru na littafin kaɗai makaranta ta amince da shi. Saboda haka ɗalibi sai ya ci jarrabawa da kyau, amma in ya buɗe baki gaban kakarsa sai a ji kamar mai karanta labarun rediyo, a yi masa dariya, shi kuwa ya koma Ingilishi inda ba mai kama shi da kuskure. A 2005 wani kwamitin da Ma'aikatar Ilmi ta kafa ya ba da shawara a shigo da daidaitaccen Tamil na baka cikin aji, Gwamnati kuma ta karɓa. Gyara ne mai kyau, ko da yake ya zo a makare.

Akwai kuma wata ɓaraka a tsarin jarrabawa. Ɗalibin da ya ci babban darasin Tamil a ƙarshen sakandare ana ɗauke masa darasin a kwalejin share fagen jami'a. Ashe ke nan waɗanda suka fi iyawa su ke fara ajiye shi, suna 'yan shekara 16. Don jawo irin waɗannan ne aka buɗe wani shiri na zaɓi a 2020 a wasu makarantun sakandare da kwalejoji, inda ɗalibai ke nazarin adabin Tamil, suna kuma haɗuwa a sansanonin horo. Ban da wannan, tun 2007 ake bikin harshen Tamil kowane watan Afrilu, da gasar muhawara da wasan kwaikwayo.

Inda Indiyawa suka yi ƙaranci har makaranta ba ta da ajin Tamil, ɗalibai kan je Cibiyar Umar Pulavar bayan an tashi. Sunan wani mawaƙi Musulmi ne na ƙarni na 17, wanda ya tsara tarihin Annabi (S.A.W.) da Tamil cikin baiti fiye da dubu 5. Musulmin Tamil ne suka kafa makaranta da sunansa a 1946, ta zama sakandaren Tamil ɗaya tilo a ƙasar a 1960, aka rufe ta a 1982 don ƙarancin ɗalibai, sa'an nan a 1983 aka mai da sunan kan cibiyar. Mai zuwa can sai ya gama karatun yini, ya hau bas ko jirgin ƙasa ya nufi aji, abokansa kuwa sun tafi filin ƙwallo.