Arzikin Da Ke Cikin Launin Abincinmu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi ko Dambatta da kaka zai ga gonaki sun haɗe da juna, ba daji a tsakani. Kuka da ɗorawa da gawo suna tsaye a tsakiyar gero da dawa, a iyakar gona kuma yakuwa ta nuna ta yi ja wur. Daga ita ake samun zoɓo. Ana ɗura mai yawa a buhu a kai kasuwar Dawanau, daga nan ya ƙetare teku har ƙasar Meziko, inda mutane suke shansa da marmari. Mai gonar kuwa, in ya karɓi kuɗinsa, sau da yawa lemun kwalba yake saya wa iyalinsa. Ya kamata mu tambayi kanmu, mene ne baƙi suke saye, mu kuma mene ne muke bari?

Jan da ke cikin zoɓo wani sinadari ne daga cikin babban dangi wanda masana suke kira filabonoyid. An san irinsu fiye da 6,000. Tsiro yana yin su don ya kāre kansa daga zafin rana da ƙwari da cuta. Waɗansu suna ba da launi, ja ko rawaya ko shuɗi. Waɗansu kuma ba a ganinsu, sai dai a ji baurinsu a baki, kamar na shayi da goro. A shekarar 1936 wani masani ɗan ƙasar Hungari, Albert Szent-Györgyi, ya zaci bitamin ne, har ya raɗa musu suna bitamin P. Daga baya aka janye sunan, gama rashinsu ba ya kawo wata cuta nan take yadda rashin bitamin yake yi. Amfaninsu a hankali yake bayyana, musamman ga zuciya da jijiyoyin jini.

To, nawa babban mutum yake samu a rana? Da miligiram ake auna shi, miligiram 1,000 kuwa su ne giram ɗaya. A shekarar 2007 masana a Amurka suka lissafta abincin manya na ƙasarsu, suka tarar mutum yana samun wajen miligiram 190 a rana, kuma wajen 157 daga ciki daga shayi ne kaɗai. A ƙasar Denmak aka bi mutane fiye da 56,000 har shekara 23. Sakamakon ya fito a 2019: waɗanda suke samun wajen miligiram 500 a rana, mutuwa ta ciwon zuciya da ciwon daji ta yi sauƙi a cikinsu fiye da waɗanda suke samun kaɗan. Wuce wannan adadi bai ƙara wani abin kirki ba. Rabin giram ke nan, bai cika ƙaramin cokali ba. Amma mu lura, irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne, bai ce filabonoyid kaɗai ne ya yi aikin ba. Mai cin ganye da 'ya'yan itace yana samun waɗansu abubuwa masu kyau tare da shi.

An gwada zoɓon kansa ma. A 2010 Jami'ar Tufts ta birnin Boston ta ba da labarin gwajin da ta yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa. Aka ba waɗansu kofi 3 na zoɓo kowace rana har mako 6, aka ba sauran wani abin sha mai kama da shi. Masu shan zoɓo, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da wajen 7, ta sauran kuwa da wajen 1. Wannan ba ƙaramin labari ba ne, gama kusan kowace ikilisiya tana da dattijo ko dattijuwa da hawan jini ya kwantar.

Yanzu bari mu leƙa rumbu da madafa. Jar dawa tana da nata rabo, a jikin fatar ƙwayar yake. Irin wannan ja ne dukawan Kano suke samu daga karan dafi suna rina fata da shi tun zamanin kakanni. Akwai shi a fatar jan wake da baƙin wake, da jar fatar nan ta gyaɗa. Akwai shi a albasa, musamman ja. Akwai shi a ganyen zogale, da garin 'ya'yan kuka, da tsamiya, da lemu, da gwaiba. Wanda ya sha kunun tsamiya da safe, ya ci kwaɗon zogale da albasa da rana, ya ci tuwon dawa miyar kuka da dare, ya tara abinsa ba tare da ya san sunansa ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne yadda muke zubar da shi da hannunmu. In an yi surfe har dawa ta yi fari fat, rabo mai yawa ya tafi cikin dusa, awaki ne suka ci riba. In an wanke wake za a yi ƙosai ko alale, ya bi fatar. In an ɓare albasa aka zubar da ɓawo biyu ko uku masu kauri, an zubar da inda ya fi yawa. In an dafa ganye ya daɗe a wuta, aka tsiyaye ruwan, waɗansu sun bi ruwa. Ga kuma taliya da burodi da lemun kwalba suna ture abincin gida, su kuwa ba su da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ba cewa ake a daina ƙosai ba. Abin da ake so shi ne a sassauta surfe, a riƙa dafa wake da fatarsa, a cire busasshen ɓawon albasa kawai, kada a bar ganye ya wuce kima a wuta. Lokacin kaka a shanya zogale da kuka a inuwa, a ware zoɓon gida kafin a kai saura kasuwa. Matan zumunta za su iya koya wa juna wannan, kowane gida kuma ya dasa zogale a bayan danga.

Akwai gargaɗi uku. Na ɗaya, zoɓon da aka cika wa sukari ya rage nasa amfani, balle ga mai ciwon sukari. Na biyu, shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da yake gina jini da shi, saboda haka mata masu ciki da yara su bar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Na uku, abinci ba ya maye gurbin magani. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini kada ya bari don yana shan zoɓo, ya kuma faɗa wa ma'aikacin asibiti abin da yake sha. Haka nan mace mai ciki ta nemi shawara kafin ta yawaita shi.

A sura ta fari ta Littafin Farawa mun karanta yadda Allah ya ba mutum tsire-tsire da itatuwa su zama abincinsa. Daniyel da abokansa kuma suka zaɓi kayan lambu da ruwa a fadar Babila, bayan kwana 10 aka ga sun fi masu cin abincin sarki kyan gani. Jikin nan amana ne daga wurin Ubangiji, rigakafi kuwa ya fi magani. Uwargida, in kin zo zuba tuwo yau, dubi akushin ki ƙirga launi nawa ne a ciki. Maigida, in ka ɗaure buhun zoɓo, ka bar wa gida kwano biyu. Allah ya ba mu lafiya, mu yi masa hidima da ita. Amin.