Ciwon Gira: Ku Zo a Gyara Tun Ido Yana Gani

Jama'a, yau shekarata ashirin ina aiki a ɗakin shan magani na ƙauye. Da wuya kasuwa ta ci ban ga wata dattijuwa ta shigo tana kare fuska da mayafi ba, hawaye na zuba, ga 'yar matsefata rataye a wuyanta. In na tambaye ta, sai ta ce, "Malam, gira ce." A kan wannan ciwo nake so in yi muku bayani.

Gira ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Asalinta amosanin ido ne, watau ciwon nan da ke kama yara, ido ya yi ja yana kwantsa. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Ƙuda da hannu da mayafi da tsinken kwalli su ke yaɗa ta. In ciwon ya yi ta komowa shekara da shekaru, sai fatar ido ta sama ta yi tabo daga ciki. Tabon nan shi ke jan bakin fatar ya lanƙwashe ciki, kamar yadda fatar akuya ke naɗewa in ta bushe a rana. Sa'an nan gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido a kowace ƙiftawa. Ya fi kama mata, don su ne ke fama da yara.

Tsige gashin yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma zai sake tsirowa. In kuwa ya karye, guntun da ya rage ya fi tsini. A kwana a tashi, sai hakiya ta rufe baƙin ido. Maganin gira na sosai shi ne ɗan aikin da ake yi wa fatar ido. Ga yadda yake:

1. Ma'aikacin ido wanda aka horar shi ke yi. Ba aikin wanzami ba ne.
2. Ba a sa mutum barci. Allura ake yi a fatar, wurin ya yi sanyi, ba a jin yankan.
3. Ba a taɓa ƙwayar ido, balle a ce an cire ta. Fatar kaɗai ake ɗan tsagawa, a juyo bakinta waje, a ɗinke.
4. Aikin ido guda yakan ci kamar minti 20. Ran nan mutum zai koma gida.
5. Washegari a kwance bandeji, a ba da maganin sha ko man ido. Bayan mako 1 zuwa 2 a komo a duba ɗinki. Bayan wata 3 zuwa 6 a sake dawowa, don wani lokaci girar takan komo.

Wata baiwar Allah ta zo mini, na ce ta je a yi mata aiki. Ta ce, "Wa zai yi wa yara tuwo?" Mijinta kuma ya ce a bari sai kaka. Damina uku ta wuce. Ran da jikarta ta jawo ta da sanda, idon dama ya riga ya tafi. Aka yi wa na hagu aiki, ya tsira. Yanzu da shi take tsince tsakuwa a shinkafa. Ku lura, aikin yana tsare ganin da ya rage ne, ba ya kawar da hakiyar da ta riga ta zauna.

Ciwon nan ana iya kashe shi daga tushe. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Gana ta fi ƙarfinsa, Mali da Binin kuma a 2023. Abu 4 suka riƙe: aikin fatar ido, shan magani, wanke fuska, da tsabtar gida. Mu ma sai mu wanke wa yara fuska kullum da sabulu, mu haƙa masai mu rufe bakinsa, kowa kuma ya riƙe tsinken kwallinsa.

To, maigida, yau in gari ya waye ka dubi idon mahaifiyarka da na matarka. Ko gashi guda ka ga yana taɓa ƙwayar ido, kada ka jira kaka. Kawo ta ɗakin shan magani, mu nuna muku inda ake aikin.