Gobe-da-nisa: Abin da Dafin Kububuwa ke Ƙwacewa daga Jini

Idan kaka ta kama a Danchadi da sauran ƙauyukan Boɗinga da Shagari, manomi na ɗaure damin gero, makiyayi na bin kara da dabbobinsa. A wannan lokaci ne hannu ko ƙafa kan gamu da kububuwa, ƙaramin macijin da Hausawa suka laƙaba wa suna gobe-da-nisa. Wanda ta sara yakan tako gida da ƙafarsa, a ɗauka ya tsira. Kafin a ankara sai jini ya ɓalle masa ta dasashi, ko hanci, ko fitsari, ko wani tsohon miki.

Asirin wannan yana tattare da wani furotin da hanta ke sarrafawa ta zuba cikin ruwan jini, mai suna fibirinojin. Lafiyayyen mutum na ɗauke da giram 2 zuwa 4 nasa a kowace lita. A narke yake yawo, sai ranar da aka ji rauni wani sinadari da ake kira turombin ya mayar da shi zaruruwa. Zaruruwan nan su ke saƙa koma a bakin raunin, su tare ƙwayoyin jini, guda ta haɗu, zuba ta tsaya.

Dafin kububuwa yaudarar jiki yake yi. Yana tayar da turombin ko'ina cikin magudanan jini ba tare da wani rauni ba, har fibirinojin ya ƙare a banza. Daga nan jini ya zama tamkar ruwa. Shi ya sa tsagar da ake yi wa wurin sari da aska, da niyyar fitar da dafi, take buɗe ƙofar da jiki ba shi da abin rufe ta.

Gwajin da ke tona wannan hali daga ƙasarmu ya fito. A shekarun 1970, Dakta David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka bayyana shi. A zuba kimanin mililita 2 na jinin majiyyaci cikin sabuwar kwalbar gilashi, busasshiya, a ajiye ta minti 20, sannan a karkata. In jinin ya kwarara, dafi na aiki, a gaggauta makari. In makarin ya wadatar, hanta kan maido da fibirinojin, jini ya koma daskarewa cikin kimanin awa 6, lokacin da ake sake gwajin.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarin maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su. Amma mai amfani ga talaka shi ne abin da zai tarar a asibitin kusa da shi. Kaltungo, inda asibitin masu sarin maciji yake a Jihar Gwambe, ta yi wa Basakkwace nisa. Ya kamata Gwamnatin Jihar Sakkwato ta wadata kowace cibiyar lafiya ta karkara da kwalaben gilashi da ma'aikacin da ya iya gwajin, ta kuma tanadi makarin da aka tabbatar yana karya dafin kububuwarmu a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, kyauta ko da rangwame.

Mu ma akwai namu nauyin. A sa takalmi mai rufe idon sawu a gona, a riƙe tocila da dare. In tsautsayi ya gitta, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, kada a jira ganin jini. A ɗauki mutum zuwa asibiti a ranar, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.