Hotunan da ke cikin kwamfutarka kwafi nawa ne, kuma a ina suke?

A watan Satumba na 2010 ruwa ya cika madatsar Goronyo ya tumbatsa, Gulbin Rima ya shanye ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno, ya gangara har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. An sake gina ɗakuna, an sake shuka. Amma wanda hoton mahaifinsa marigayi yake cikin akwati a ɗakin da ya rushe, babu kasuwar da zai je ya sayo wani. A lokacin yawancin hotunan na takarda ne. Yau sun koma cikin waya da laftof, kuma mutane da yawa suna ganin hakan ya fi tsaro. Ko kusa.

Bari mu duba inda hoton yake zaune. Tsofaffin kwamfutoci suna da faifai a ciki mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansa yana karantawa, tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba, nesa ba kusa ba. Yaro ya ture laftof daga kan tabarma zuwa siminti tana aiki, hannun ya karci faifan, shi ke nan. Sababbin kwamfutoci masu SSD, da filash, da memorin waya, ba su da abin da ke juyawa. Su cajin lantarki suke tsarewa a cikin ƙananan ɗakuna biliyoyi, kuma cajin nan yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ƙa'idar masana'antun ita ce SSD na gida da ya tsufa ya iya riƙe bayanai shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. To, ka tuna ɗakin kwano a Raba cikin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40. Filash ɗin da aka jefa a durowa aka manta shekara biyar ba amana ba ne.

Duk na'ura za ta mutu, ranar ce ba a sani ba. Dabarar ita ce idan ta mutu kada ta tafi da hoton.

Wannan kuwa ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa kuma aka binne shi a can a 1837, ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812. Littafin bai iso mana don takardarsa ta fi gara ƙarfi ba. Ɗalibai ne suka yi ta kwafa da hannu, kwafi ya tafi wannan gari, wani ya tafi wancan, har idan gobara ta ci na wani gida ana samun na wani. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya tsara wa hotunan zamani irin wannan dabara da lambobi uku, 3-2-1: kwafi uku na kowane hoto, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam.

Mutane kan yi biyun farko su tsaya. A sayi faifan waje mai igiya, a kwafe hotunan biki da na suna, a sa shi cikin jakar laftof ɗin. Ɓarawon da ya ɗauki jakar ya ɗauki duka biyun. Haka ruwa, haka gobara, haka ranar da aka ce a bar gari cikin dare, abin da mutanen gabashin Sakkwato ba sai an yi musu bayaninsa ba a shekarun nan. Kuma nisa kaɗai bai isa ba, sai wurin ya zama ba hatsari ɗaya ke jiransu ba. Kwafi a Goronyo da kwafi a wani ƙauyen fadamar Wurno duk a bakin gulbi ɗaya suke. Gara ka ba ɗan'uwanka da ke kan tudu, ko wanda ke aiki a birni, ka riƙa karɓowa kana sabuntawa duk bayan 'yan watanni.

Ajiyar intanet ita ce hanya mafi sauƙi ta samun wannan kwafin na nesa. Google yana ba kowane asusu giga 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba su. Idan hoto ɗaya mega 3 ne, wajen hotuna 5,000 ke nan, in babu bidiyo. Da can Google Photos ba shi da iyaka, an daina hakan tun 1 ga Yuni 2021. Sannan daga Disamba 2023 kamfanin ya ce yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Matsalar da ta fi yawa a wajenmu ma ba wannan ba ce. Mai shagon waya ne ya buɗe maka asusun, kai ba ka san kalmar sirrin ba, lambar da aka ɗaura a kai kuma tsohon layi ne da ka yar, kamfani ya sayar wa wani. Hotunan suna nan lafiya, kai ne ba ka da mabuɗi. Rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda, ka adana inda kake adana takardun gida, ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi.

A kula kuma, yawancin manhajojin nan daidaita waya da intanet suke yi. Ka goge hoto a cikin Google Photos don samun fili, ya gogu a can ma, sai ɗan lokacin da yake yi a kwandon shara. Shi ya sa kwafin faifan da ba a jone yake ba yake da muhimmanci. Cire shi idan ka gama kwafa, don kada bayiros ko wutar da ta dawo da ƙarfi ta haɗa da shi.

WhatsApp fa? Ya fi babu, amma yana matse hoto ya rage masa kyau, sai dai in ka tura shi a matsayin takarda. Facebook ma haka yake matsewa.

Sai memori na jabu, wanda ya cika kasuwanni. An rubuta giga 64, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali na gaskiyar 8 ne ko ƙasa. Kana zubawa yana karɓa ba musu, sunayen hotunan duk suna nan, ranar da ka buɗe sai ka tarar da fanko. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, H2testw, da ke cika memorin taf ta sake karantawa ta faɗi girmansa na gaskiya. Gwada kafin ka zuba komai. In farashin ya yi arha fiye da kima, ba sai ka gwada ba ma.

Ni a ganina, wanda datarsa ba ta da yawa kada ya ce sai ya ɗora komai. Ya zaɓi hotuna ɗari biyu ko uku da ba za su maimaitu ba, na iyaye da kakanni, takardun gona da na makaranta, ya fara da su. Guda ashirin daga ciki ya kai a wanke a takarda, don ita ba ta neman caji ko kalmar sirri. Sannan sau biyu a shekara, misali bayan kowace Sallah da sababbin hotuna suka taru, ya jona faifan ya buɗe tsofaffi guda goma daga folda dabam-dabam ya ga ko suna buɗuwa. In ɗaya ya ƙi, a ranar zai kwafe sauran zuwa sabuwar na'ura.