Wa ke ƙirga raɗaɗin tsohon da ya kasa magana?

A Amurka, duk gidan kula da tsofaffi da ke karɓar kuɗin shirin kiwon lafiya na gwamnati, Medicare ko Medicaid, dole ne ya cike takardar binciken lafiyar kowane mazauni, wadda ake kira MDS, lokacin da aka kawo shi da kuma duk bayan wata uku. Wata doka ta 1987 ce tushen wannan. Daga Oktoban 2010 aka daina dogara ga hasashen ma'aikaciyar jinya, aka koma jin ta bakin tsohon idan zai iya amsawa. Ya ji ciwo cikin kwana biyar da suka wuce? Ya hana shi barci ko harkokinsa? Sai ya ba zafin maki, daga 0 zuwa 10.

Hukumar CMS mai kula da Medicare da Medicaid ta riƙa tattara amsoshin tana wallafa kason masu fama da matsakaici ko matsanancin ciwo a kowane gida, don iyalai su kwatanta kafin su kai iyayensu.

Sai dai ƙarancin adadi ba ya nufin ƙarancin ciwo. Gidan da ma'aikatansa ke zama su yi tambaya cikin natsuwa yakan bankaɗo ciwo da yawa, alƙalumansa su yi muni, wanda kuwa ake tambaya a tsaitsaye ya fito fes. Su ma tsofaffin sukan danne, wasu don sun ɗauka ciwo abokin tsufa ne, wasu don gudun damun ma'aikata. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 1998 ya gano cewa cikin mazauna masu ciwon daji da ke shan raɗaɗi kullum, kashi 26 cikin ɗari ko ƙwayar rage zafi ba a ba su.

Abin ya fi tsanani ga masu gigin tsufa, waɗanda ba sa iya cewa ga inda ke ciwo. Dominsu aka fito da ma'aunin PAINAD a 2003. Ana duba numfashi, nishi ko kuka, yanayin fuska, yadda jiki ke ƙanƙamewa, da ko rarrashi na kwantar da mutum, kowanne a ba shi maki 0 zuwa 2. Aiki ne na ido da haƙuri, kuma wadda ke yi wa tsohuwa wanka kullum ta fi saurin ganewa.

A Norway an gwada amfanin wannan lura. Binciken da Bettina Husebo ta jagoranta, wanda mujallar BMJ ta buga a 2011, ya shafi mazauna 352 masu gigin tsufa. Waɗanda aka ba maganin zafi mataki-mataki na mako takwas, yawancinsu farasitamol kawai, tashin hankalinsu ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari. Wani ɓangare na ihun da ake kira rigimar tsufa, ashe ciwo ne.

A Oktoban 2019 CMS ta cire ma'aunan ciwo daga tsarin taurari biyar da take ba gidajen, saboda fargabar za su riƙa ɗura wa tsofaffi magunguna dangin mofin don gyara makinsu, a daidai lokacin da ƙasar ke fama da annobar waɗannan ƙwayoyi. Fargabar tana da hujja. Amma gyara ma'aunin ya fi dacewa da cire shi, ta yadda zai nuna ko an duba, ko an yi magani, ko an dawo an ga sauƙi. Har yanzu tambayoyin suna cikin MDS, sai dai mai neman wa mahaifiyarsa gida ba ya ganin amsarsu cikin taurarin.